Tambayar Ma'aikaciyar Lafiya ta Surko da Amsar Na'ura



A ƙarshen kowane wata, a ƙananan asibitocin Surko da Sundimina da Kiyako na ƙasar Birnin Kudu, haka kuma a Kila da Fagam da Basirka na ƙasar Gwaram, ma'aikatan lafiya kan buɗe manyan littattafan rajista, su ƙirga masu awon ciki da yaran da aka yi wa rigakafi da waɗanda zazzaɓin cizon sauro ya kwantar, su cika takardar wata, a kai ta hedikwatar ƙaramar hukuma, inda ake zuba alƙaluman cikin rumbun bayanai mai suna DHIS2, wanda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ta ƙirƙiro, Najeriya kuma ta ɗauke shi. To, alal haƙiƙa, wadda ta rubuta alƙaluman nan da hannunta ita ce ta fi kowa buƙatar ta tambaye su, amma galibi hanyar tambayar ba a hannunta take ba.

Dalili kuwa shi ne, irin waɗannan rumbuna suna da harshensu na umarni, wato SQL, wanda masanan kamfanin IBM suka tsara a shekarun 1970, kuma sai wanda ya karance shi ke iya sarrafa shi. Abin da masu bincike ke fafutuka a kai yanzu shi ne a koya wa manyan injinan harshe, irin su ChatGPT, su karɓi tambaya da maganar yau da kullum, su mayar da ita umarnin SQL. Tun 2018 Jami'ar Yale ta Amurka ta fitar da ma'aunin jarrabawa mai suna Spider, mai tambayoyi sama da 10,000 a kan rumbuna 200, sai dai da Ingilishi aka rubuta su.

Mu ɗauki mas'ala guda. Ma'aikaciya ta ce, “Yara nawa zazzaɓi ya kama a Gwaram da daminar bana?” Wajibi ne injin ya tantance ko garin Gwaram ake nufi ko ƙaramar hukumar baki ɗaya, ko damina daga Yuni ta fara ko daga Yuli, ko duk mai zafin jiki za a ƙirga, ko kuwa sai wanda gwajin jini ya tabbatar, ya kuma gane cewa inda wani magatakarda ya rubuta B/Kudu, Birnin Kudu yake nufi. In ya kuskure ɗaya daga cikin waɗannan, lamba za ta fito tsaf ba alamar aibi, a yi rabon magani a kanta, kuma a ganina wannan ya fi rashin amsa illa nesa ba kusa ba.

Sannan ga nauyin injinan kansu, waɗanda ke buƙatar wutar lantarki da intanet da kuɗin da ƙaramin asibiti ba shi da su. A nan ne hikimar tace ilimi ta shigo, wadda Geoffrey Hinton da abokan aikinsa biyu suka bayyana a 2015: a sa babban inji ya zama malami, ƙarami ya zama ɗalibi. Wanda ya taɓa zama a zaure gaban malamin fiƙihu zai fahimci sirrin abin, domin malami na ƙwarai, bayan ya faɗi hukunci, yakan nuna wane ƙauli ne mashhuri, wane ne mai rauni, a ina kuma shubuha take. Haka shi ma ƙaramin injin yake koyon gwargwadon yaƙinin malaminsa da gwargwadon shakkarsa a kan kowace amsa. A 2019 aka fitar da wani ƙaramin inji mai suna DistilBERT ta wannan hanya, ya ragu da kashi 40 cikin 100 a girma, ya kuma riƙe kimanin kashi 97 na fahimtar malaminsa.

Sai dai ɗalibi yakan gaji raunin malaminsa, kuma Hausar manyan injinan nan ba ta kai Ingilishinsu ba. Saboda haka nake ganin aikin namu ne: masu bincike irin na ƙungiyar HausaNLP, da ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Tarayya ta Dutse, su zauna da masu kula da rajista a Birnin Kudu da Gwaram, su tattara tambayoyin da ake yi na haƙiƙa, da lafazin da ake yinsu, su rubuta wa kowace umarninta sahihi, ba tare da sunan majiyyaci ko ɗaya ya fita daga asibiti ba. A kuma sharɗanta wa injin cewa, duk lambar da ya bayar, ya faɗi watannin da ya ƙirga da garuruwan da ya haɗa, in kuwa tambaya ta ɗauki ma'ana biyu, ya sake tambayar mai ita kafin ya amsa.