Abin da ya kamata ku sani game da haƙar kwal a ƙarƙashin teku

Manomin rani a Kura ko Bunkure ya san wahalar jawo ruwa daga kanal zuwa gona, ya kuma san halin da ake shiga ranar da injin ban ruwa ya ƙi tashi. Mutanen Whitehaven, wani gari a bakin teku a arewa maso yammacin Ingila, sun shafe fiye da shekara 250 suna fama da akasin haka. Su korar ruwa suke yi daga wurin neman abincinsu, domin wurin yana ƙarƙashin teku ne, kuma idan injinsu ya tsaya rayuka ne ke shiga haɗari.

Kwal baƙin dutse ne mai cin wuta, yana kwance shimfiɗa-shimfiɗa a cikin ƙasa. Tun ƙarni na 17 gidan Lowther, masu filayen yankin, suka fara haƙarsa suna lodawa a jiragen ruwa zuwa Dublin. Da aka ga shimfiɗar ta gangara ta shige ƙarƙashin teku, sai aka bi ta. A 1729 wakilinsu, Carlisle Spedding, ya fara haƙa ramin Saltom dab da gaɓa, zurfinsa ya kusa mita 140, aka kafa injin tururi yana zuƙe ruwan da ke tsattsafowa.

Ba ta cikin ruwa ake shiga ba. Rijiya ake haƙawa a tudu, idan an kai ga kwal sai a karkata a nausa ƙarƙashin dutsen da teku ke kwance a kansa. Ba a kwashe kwal ɗin duka, ana barin ginshiƙai su tokare rufin. A nan kwaɗayi ke shigowa, don ginshiƙin ma kuɗi ne. A garin Workington, maƙwabcin Whitehaven, an yi ta sassaƙe ginshiƙan har rufi ya yi rauni. A watan Yuli na 1837 teku ta ɓarke cikin ramin, mutum 27 suka halaka, manya da yara, tare da dawakin da ke jan kaya.

Amma wuta ta fi ruwa kisa. Kwal yana fitar da iskar gas marar wari, wadda ke fashewa da zarar ta haɗu da harshen wuta, ga shi mahaƙi ba ya aiki a duhu. Spedding ya ƙera wani faifan ƙarfe da yaro ke juyawa da hannu yana gogar ƙanƙara, ƙyastu ke nan, tartsatsin da ke tashi shi ne fitilar mahaƙi. Yaron nan zai wuni a durƙushe yana juyi, mai diga na sara a gefensa cikin hasken da bai wuce kamu biyu ba. Dabarar ta rage haɗari, ba ta kawar da shi ba. Spedding da kansa fashewar gas ce ta yi ajalinsa a 1755. Fitilar kariya mai ragar waya, wadda ake kira fitilar Davy, ba ta zo ba sai 1815, dokar hana mata da yara ƙasa da shekara goma shiga rami kuwa sai 1842.

Ko bayan nan ba a huta ba. A watan Mayu na 1910 wuta ta tashi a ramin Wellington na Whitehaven, mutum 136 suka rasu. Da aka kasa kashe ta, sai aka gine hanyar da bulo mutanen na ciki, ba a buɗe ba sai bayan watanni. A watan Agusta na 1947 ramin William ya ci mutum 104. Abin da ke ƙara munin haɗari a irin waɗannan ramuka shi ne nisa: mahaƙi yana kilomitoci daga bakin rijiya, kuma ba a iya huda masa wata ƙofa ta sama. Rami na ƙarshe a garin, Haig, an rufe shi a 1986. Gwamnatin Birtaniya ta amince da buɗe sabo a 2022, kotu ta soke izinin a 2024 saboda batun ɗumamar yanayi.

Mu a Nijeriya namu kwal ɗin a tudu yake, amma shi ma ya haifi garin bakin ruwa. An gano shi a Udi a 1909, Turawan mulki suka kafa Fatakwal don fitar da shi, layin dogo ya haɗa ta da Inugu, inda ake haƙarsa, a 1916. Da kwal ɗin nan jiragen ƙasa suka yi ta jan gyaɗar Kano kafin zuwan dizal. Mahaƙanmu ma sun biya da jini. Ranar 18 ga Nuwamba, 1949, 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wuta a kan masu yajin aiki a ramin Iva Valley, suka kashe mutum 21, mutanen da haƙƙinsu na aiki kawai suke nema.