Rijiya mai inji a ƙasar makiyaya

Arewa da Tawa, da Dakoro, da Tanut, akwai ƙasa mai faɗi inda ruwan sama ba ya isa a yi noma. Damana gajeruwa ce, wata biyu ko uku. Amma ciyawa tana fitowa, kuma tana da kyau ga bisashe. Can ne ƙasar makiyaya: Abzinawa, da Fulani, da Larabawa. Da damana suna shayar da bisashensu a tabkuna. In rani ya yi, tabkuna suka ƙafe, sai kowa ya koma rijiya.

Bayan Nijar ta samu mulkin kai a 1960, an kawo wata sabuwar dabara a wannan ƙasa, ita ce rijiya mai inji. Ta yi amfani, ta kuma yi illa. Ku bi labarinta a hankali, don zai koya muku yadda ake auna sabon abu kafin a yabe shi ko a kushe shi.

Rijiyar gargajiya

Rijiyoyin arewa suna da zurfi. Wata ta kai metir 40, wata metir 60, wata ma ta fi haka. Mutum ba ya iya janyo ruwa da hannu. Sai a ɗaura wa sa, ko raƙumi, ko jakai doguwar igiya mai babban guga na fata. Yaro ya kora dabbar har gugan ya iso bakin rijiya, babba ya karɓa ya zuba a kwami. Haka ake yi tun da asuba, wani lokaci har dare. Aiki ne mai wuya, kuma ruwan bai da yawa. Rijiya ɗaya ba ta shayar da abin da ya wuce ƴan ɗaruruwan shanu a yini.

Kowace rijiya tana da mai ita, wato wanda ya gina ta, ko zuriyarsa. Ba a hana baƙo ruwa. Amma dole ya nemi izini. Mai rijiya shi ke faɗa masa lokacin da zai shayar, da kwanakin da zai yi kafin ya yi gaba. Ku lura da kyau: dabba ba ta zama inda ba ta samun ruwa. Saboda haka wanda ya riƙe rijiya ya riƙe ciyawar da ke kewaye da ita, ko da bai yi shinge ba.

Zuwan inji

Masana ƙasa sun gano akwai ruwa mai yawa can ƙarƙashin ƙasar arewa. Da inji ake huda rami siriri, a zura bututun ƙarfe har zurfin ɗaruruwan metir. Wannan rami shi ake kira foraji. Wani inji mai shan gazuwal ya turo ruwan sama, ya cika babban tanki, daga nan ruwa ya bi bututu zuwa dogayen kwamaye. A cikin shekarun 1960 aka kafa irin waɗannan tashoshi da dama a arewacin Tawa. A 1963 gwamnati ta kafa ma'aikatar OFEDES don kula da rijiyoyi da injunan ruwa. Ruwan tasha na gwamnati ne, kowa ya zo ya sha kyauta.

Amfanin abin a fili yake. Garken da a da yake kwana a bakin rijiya yana jiran layi, yanzu cikin ɗan lokaci ya sha ya ƙoshi. Mutane da dabbobin jan guga suka huta. Ruwan yana da tsabta, don ba igiya ko guga da ke shigar da ƙazanta cikinsa. Akwai wurare masu ciyawa da a da ba a iya zamansu da rani saboda ƙishirwa, yanzu aka samu damar kiwo cikinsu. Garuruwa kamar Abalak da Cintabaradan suka girma, aka samu kasuwa, da likita, da makaranta.

A daidai wannan lokaci, tun daga 1962, aka yi babbar allurar rigakafin ciwon bushiya, wanda a da yake kashe shanu garke-garke. Allurar ta yi aiki ƙwarai. An ci gaba da yaƙi da ciwon har aka bayyana a 2011 cewa ya ƙare a duniya duka. Ga ruwa, ga lafiya, sai shanu suka yi ta ƙaruwa.

Mu yi lissafi

Inji yana ƙara ruwa, amma ba ya ƙara ciyawa. Ku ɗauko allo mu gani.

Saniya tana fita kiwo, ta komo shan ruwa. Mu ce ba ta wuce kilometir 10 daga tasha. Filin kiwonta ya zama da'ira ke nan. Faɗinta: 10 sau 10 sau 3,14, wato murabba'in kilometir 314, ko hekta 31 400. Mu ɗauka kowace hekta tana ba da kilo 300 na busasshiyar ciyawa da dabba za ta iya ci. Jimla kilo 9 420 000.

Saniya tana cin wajen kilo 6 a yini. Rani yana kai kwana 250. Ke nan saniya ɗaya tana bukatar kilo 1 500 kafin ruwa ya sauka. In muka raba 9 420 000 gida 1 500, za mu samu 6 280. Wannan shi ne yawan shanun da filin zai iya ɗauka.

To, in shanu 15 000 suka taru fa? A yini ɗaya za su ci kilo 90 000. Cikin kwana 105 ciyawa ta ƙare. Wata uku da rabi ke nan, rani kuwa bai kai ko rabi ba. Ruwa yana nan yana zuba, amma ba abin da za a ci.

Abin da ya faru

Waɗanda suka tsara aikin sun san wannan lissafi. Tun 1961 an rubuta dokokin ƙayyade yawan bisashe da lokacin buɗe tasha. Sai dai ba a iya aiki da su ba. Wa zai tsaya a daji ya ƙirga shanu? Wa zai kori makiyayi da dabbobinsa suna kukan ƙishirwa? Labarin ruwan kyauta ya bazu, garkuna suka zo daga nesa, suka ninka abin da aka tsara.

Mutanen wurin suka ga ikonsu ya suɓuce. A da baƙo yana neman izini, yanzu ba ya tambayar kowa. Wani masani ɗan Faransa, Edmond Bernus, wanda ya daɗe tare da makiyayan Azawak, ya rubuta cewa Abzinawan Illabakan sun roƙi hukuma ta rufe tashar In Wagar da ke cikin ƙasarsu. Ku duba wannan abin mamaki: mutanen da aka kawo wa ruwa su ne suka nemi a kashe inji. Sun gwammace wahalar guga da rasa ciyawa.

Akwai wata illa kuma. Inji yana lalacewa, gazuwal yana ƙarewa, mai gyara da kayan gyara suna can birni. Rijiyar guga in igiya ta tsinke a ƙulla. Amma in inji ya tsaya da bazara, dubban bisashe ne za su tashi neman ruwa rana ɗaya.

Daga 1968 ruwan sama ya fara ƙaranci, abin ya tsananta a 1973. Nijar ta yi hasarar kusan rabin shanunta. Da yawa sun mutu kusa da tashoshin, ruwa na gabansu, yunwa ce ta kashe su. A 1984 aka sake wani babban fari.

Laifin wa?

A nan sai a yi adalci. Inji bai hana ruwan sama sauka ba. Fari ya kashe dabbobi har inda babu tasha ko ɗaya. Bayan haka masana sun yi shekaru suna auna ciyawa kewaye da tashoshi a ƙasashen Sahel. Sun ga cewa wurin da ke zama fako shi ne na dab da kwamaye, inda ake yawan tattakawa. Nesa kaɗan, in damana ta yi kyau, ciyawa irin su karangiya tana komowa. Ashe maganar da ake yi cewa inji shi ya kawo hamada ta yi yawa.

Babban kuskure yana wajen tsari. An kawo ruwa mai yawa wuri ɗaya, aka kau da ikon mai rijiya, ba a maye gurbinsa da wani iko mai aiki ba. An auna zurfin ruwa da ƙarfin inji daidai, amma ba a zauna da makiyaya an ji yadda suke raba ciyawa ba. Hausawa suka ce, tun ran gini tun ran zane.

An koyi darasi. Aka ƙara ba da ƙarfi ga rijiyoyin siminti, masu ruwa daidai wa daida. Aka kafa kwamitoci, masu shayarwa suna biyan kuɗi don sayen mai da gyara. Dokar karkara ta 1993 ta amince cewa makiyaya suna da haƙƙin farko a kan ruwa da ciyawar wurin zamansu. Dokar kiwo ta 2010 kuma ta sa tazara tsakanin mashaya: kilometir 15 ga rijiyoyin gargajiya, 20 ga na siminti, 30 ga foraji.

Tambayoyi biyar na auna sabon abu

Duk sa'ad da aka kawo sabuwar na'ura ko sabuwar dabara garinku, ku yi waɗannan tambayoyi:

Na ɗaya, wace wahala za ta kau da ita?
Na biyu, me take ci: kuɗi, ko mai, ko ruwa, ko fili?
Na uku, in ta lalace, wa zai gyara, kuma me za a yi kafin a gyara?
Na huɗu, wa zai samu, wa zai rasa, kuma an tambaye su?
Na biyar, in kowa ya kama aiki da ita, yaya wuri zai zama bayan shekara goma?

Mu gwada su a kan fanfo mai aiki da hasken rana, wanda ya yawaita a garuruwa da garake tun da kuɗin farantansa ya faɗi bayan 2010. Ba ya shan gazuwal, ba ya hayaƙi, ba ya yawan lalacewa. Ya ci tambaya ta ɗaya da ta biyu. Amma in ya lalace sai an nemo wanda ya san aikin lantarki. Kuma tun da jan ruwan ba ya cin kuɗin mai, mutum yana iya barinsa yana zuba yini zubur. In masu garake duka suka yi haka, ruwan ƙasa zai iya yin nisa, rijiyar maƙwabci mai guga ta ƙafe. Saboda haka shi ma yana bukatar doka da shawarar jama'a tun kafin a kafa shi.

Ma'anar kalmomi

Kwami: abin da ake zuba wa dabbobi ruwa su sha.
Foraji: rami siriri mai zurfi da ake hudawa da inji.
Hekta: fili mai tsawon metir 100 da faɗin metir 100.
Fako: ƙasa mai tauri wadda ciyawa ba ta fitowa a kanta.

Tambayoyi

1. Ta yaya mai rijiyar gargajiya yake tsare ciyawa ba tare da shinge ba?
2. Ku faɗi amfani uku da illa uku na rijiya mai inji.
3. Don me Abzinawan Illabakan suka nemi a rufe tasha?
4. In shanu 10 000 suka taru a filin da muka lissafa, kwana nawa ciyawa za ta yi?

Aiki

Ku zaɓi wata na'ura ta garinku, kamar injin niƙa, ko babur, ko wayar hannu. Ku tambayi iyayenku yadda ake yi kafin ta zo. Sa'an nan ku amsa tambayoyin nan biyar a kanta, ku kawo aji a tattauna.