Yadda finafinai masu dogon zango ke isa Rano da Kibiya

A watan Mayun 2025 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta dakatar da finafinai 22 masu dogon zango, ciki har da Labarina na Aminu Saira da Daɗin Kowa na tashar Arewa24, bisa zargin haska su ba tare da tacewa ba.

Sai dai a garuruwa irin su Rano da Kibiya, inda wutar lantarki ba ta zama, mai sha'awar kallo yakan kai wayarsa shagon masu turi, ya biya kuɗi kaɗan a zuba masa sabon fitowa, da dare a yi ta musu a majalisa. Irin wannan kallo ba ya shiga lissafin YouTube, saboda haka ko kwabo ba ya kaiwa ga mai shirin. Ita ma hukumar, da wuya umarninta ya cim ma abin da ya riga ya shiga wayoyin jama'a.