Sarkin Musulmi Bello da littafin lissafin da gobara ta cinye

A ƙarshen shekarar 1826, wani Baturen Birtaniya mai suna Kyaftin Hugh Clapperton, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdullahi, ya sake komawa ƙasar Sakkwato ɗauke da tsarabar Sarkin Ingila zuwa ga Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A cikin kayan akwai makamai da sauran irin abubuwan da aka saba kai wa sarakuna. Akwai kuma 'yan littattafai cikin Larabci, ciki har da na Ibn Sina da wani tsohon littafin lissafi na Uƙlidis, masanin nan da Turawa ke kira Euclid.

Lokacin bai yi kama da na zaman karatu ba. Baƙon ya tarar da Bello ne a sansanin yaƙi, ana fafatawa da Gobirawa, ga kuma rundunar Shehun Barno Muhammadu al-Kanemi tana shirin tasamma ƙasar Kano. Duk da haka, Clapperton ya rubuta a littafin tafiyarsa cewa wata safiya da ya shiga gaisuwa, ya iske Sarkin Musulmi zaune a wani ɗaki na cikin gida, littafin Uƙlidis a gabansa. Bello ya shaida masa cewa dā gidansu na da kwafin littafin, wanda wani ɗan'uwansu ya samo a Makka, amma ya ƙone a gobarar da ta ci wani sashe na gidansa a shekarar da ta gabata. Don haka ya yi godiya ƙwarai da wannan kyauta.

Ya kamata mai karatu ya san wane irin littafi ne wannan. An tsara shi a birnin Iskandariya na Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), aka fassara shi zuwa Larabci a Bagadaza tun zamanin Haruna Rashidu. Ba ya koyar da dabarun yaƙi, ba ya bayanin karɓar haraji, babu hukuncin gado ko na ciniki a cikinsa. Magana yake yi a kan ɗigo da layi da kusurwa da da'ira. Yana farawa da 'yan ƙa'idoji kaɗan waɗanda kowane mai hankali zai yarda da su, daga nan ba ya ƙara faɗin komai sai ya kafa masa hujja da abin da ya riga ya tabbatar. Mutumin da ke da daula a wuyansa, abokan gaba sun sa shi a tsakiya, shi ne ya ji zafin rashin wannan littafi har ya riƙe labarin ƙonewarsa a zuci, ya kuma buɗe shi da zarar wani kwafin ya shigo hannunsa.

An haifi Bello a 1781, a gidan da karatu ya zama sana'ar gado. Mahaifinsa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya karantar da shi, haka ma baffansa Abdullahi, wanda shi kansa ya bar wani ɗan littafi, Ida'un Nusuki, inda ya jera malaman da ya yi karatu a gabansu da littattafan da ya sauke. Ana ruwaito cewa Bello ya taɓa ƙidaya littattafan da ya karanta, suka haura 20,000. Wannan adadi sai a ɗauke shi da lura, domin abin da ake kira littafi a wancan zamani yakan zama risala ce mai 'yan warƙoƙi, kuma masu ba da tarihin manya ba su cika rage musu mudu ba. Ko an zubar da kashi tara cikin goma, abin da ya saura ya ishi mutum mamaki, musamman idan aka tuna yadda littafi ke samuwa a lokacin. Babu injin ɗab'i. Takarda daga Italiya take zuwa, ta sauka Tarabulus, raƙuma su ratsa hamada da ita. Kowane kwafi sai wani ya zauna da alƙalami da tawada ya juye shi harafi bayan harafi, a adana warƙoƙin a gafaka, a yi ta tsaron su daga gara da ruwan sama da wuta. Wanda ya ari littafi yakan kwana yana kwafa kafin mai shi ya aiko a karɓa.

Abin da ya fi adadin muhimmanci shi ne yadda karatun ya bayyana a aikinsa. A zuwan Clapperton na farko, cikin Maris ɗin 1824, Bello ya tambaye shi ko shi ɗan ɗariƙar Nasturiyawa ne ko wata daga cikin tsofaffin ɗariƙun Kirista. Baturen, wanda sojan ruwa ne ba malamin addini ba, ya rasa ta cewa, ya amsa da cewa bai da zurfin ilimin da zai shiga wannan muhawara. Da aka nuna wa Sarkin Musulmi na'urorin duba taurari, sai aka ga ya san sunayen buruji da na taurari da dama a Larabce. Sa'annan ya kawo maganar da ta fi kowace nauyi: ya san Ingilishi sun yi yaƙi da mutanen Aljaza'ir, ya san kuma sun mallake Indiya. Wato baƙon da ya zo da maganar ciniki da abota ya tarar da mai masaukin da ya riga ya san yadda irin wannan abota ta ƙare a wasu wurare. A zuwa na biyu, da Bello ya fahimci akwai wasiƙa da kayan da aka nufi kai wa Barno alhali ana yaƙi, ya sa aka karɓe su. Clapperton ya ji haushin hakan matuƙa, kuma a can ya rasu cikin Afrilun 1827.

Haka abin yake a rubuce-rubucensa. A Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812, bai tsaya ga labarin nasarorin jihadi ba. Ya kawo wasiƙun al-Kanemi da ke tuhumar jama'ar Shehu da yaƙar Musulmi 'yan'uwansu, ya ajiye su yadda mai karatu zai ga ƙarfin hujjarsu, kana ya ba da amsa. A ganina wannan ɗabi'ar makarancin gaske ce. Wanda ya saba zama da littattafan da suka saɓa wa juna ya san cewa ɓoye hujjar abokin hamayya ba ya kashe ta. Sau nawa ake kai wa minista ko babban sakatare takardar shawara wadda aka tsefe duk wata hujja da ba za ta yi masa daɗi ba?

Wasiƙar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Umarun Dallaje, wadda aka sani da Usulus Siyasa, ta tattara ginshiƙan mulki guda bakwai. Wasu sun shafi halin shugaba, wasu na mashawartansa, wasu na talakawa. A cikinta ya ja hankalin sarkin da ya kula da masu sana'a, manoma da maƙera da maɗinka da marina, ya raba su a garuruwa gwargwadon buƙata, ya gyara kasuwanni da hanyoyi. Ya kuma yi rubutu a kan magunguna, har da na basur da ciwon ido da amfanin ganyen filasko. Sarki ne da ke iya barin maganar iyakar ƙasa ya koma binciken abin da likitocin Larabawa suka ce game da cutar da ke damun wani na kusa da shi.

Ba na so a ɗauka karatu ya mayar da shi wani abin da ba shi ba ne. Bello mayaƙi ne. Shi ya jagoranci cin Alƙalawa a 1808, kuma shekara guda kafin rasuwarsa yana fagen daga a Gawakuke. Daular da ya mulka daga 1817 zuwa 1837 ta dogara da aikin bayi, kuma littattafan da ya karanta ba su sa ya rushe wannan tsari ba. Littafi ba ya wanke mutum daga zamaninsa. Abin da yake yi shi ne ya faɗaɗa tambayoyin da mutum ke iya yi, ya kuma sa ya yi wuyar ruɗuwa.

Akwai wani ɓangare na labarin da ya fi kusa da masu karanta wannan shafi. Bello bai yi karatu shi kaɗai ba. Wazirinsa Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya sauki Clapperton kuma yake kai-komo tsakanin Sakkwato da masarautun gabas, marubuci ne da ya bar littattafai a kan rayuwar Shehu da ta Bello. Matarsa Nana Asma'u, ƙanwar Sarkin Musulmi, ita ta ɗauki littafin da yayanta ya rubuta a kan salihan mata ta mayar da shi waƙa cikin Fulatanci da Hausa, domin ya isa ga matan karkara da ba su jin Larabci. Mai gida makaranci ne, na kusa da shi ma haka, don haka akwai mai iya ce masa ga inda wani malami ya saɓa. Wannan gida bai yar da gadonsa ba. Daga zuriyarsu ne aka sami Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997.

Ma'aikacin tarayya a yau ba ya rasa abin karantawa. Daga safe zuwa la'asar idonsa na kan fayil da takardun umarni da rahoton kwamiti, da dare kuma saƙonnin WhatsApp. Idan jarrabawar ƙarin girma ta matso, sai a kakkaɓe kundin dokokin aikin gwamnati da na kashe kuɗi, a haddace, a manta. Duk wannan karatun tilas ne, kuma yana koya wa mutum yadda ake yin abu ne kawai, ba ya tambayar ko ya dace a yi shi. Sakamakon yana fitowa a jawaban da hadimai ke rubuta wa iyayen gidansu: kalaman wani shahararre da aka tsinto a intanet, an liƙa a sakin layi na farko, alhali daga mai rubutun har mai karantawa a bainar jama'a babu wanda ya taɓa buɗe littafin da aka ciro su.

Uzurin da aka fi bayarwa shi ne rashin lokaci da tsadar littafi, kuma duka biyun gaskiya ne. Wanda ya baro Mararaba ko Kubwa ko Suleja da asuba, ya dawo bayan isha, da ƙyar yake da sauran ƙarfi. Gwamnati ma ba ta nuna misali mai kyau ba. An ba da kwangilar gina hedikwatar Ɗakin Karatu na Ƙasa a tsakiyar Abuja tun 2006, aka shafe fiye da shekara goma sha biyar ginin na tsaye ba a kammala ba, ma'aikata na wucewa ta gabansa kullum. Shirin dawo da al'adar karatu da Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar a Legas cikin Disambar 2010, tare da Wole Soyinka, bai daɗe ba aka daina jin ɗuriyarsa. Sai dai sa'o'in da ake kashewa a cunkoson hanyar Nyanya lokaci ne, ga wanda ba shi ke tuƙi ba, kuma wayar da ke hannunsa tana iya ɗaukar littattafan da ayarin raƙuma ba zai iya ba.

Ga mai son farawa da Bello kansa, ba sai ya iya Larabci ba. E. J. Arnett ya fitar da Infaƙul Maisuri cikin Turanci a 1922, ko da yake ya taƙaita wurare da yawa, kuma Sidi Sayuɗi da Jean Boyd sun mayar da shi Hausa a 1974, sai dai samun kwafinsa yanzu sai an sha nema. Usulus Siyasa gajere ne, ana iya gama shi a zama ɗaya, kuma B. G. Martin ya fassara shi zuwa Turanci a 1971. Sauran rubuce-rubucen, da yawansu har yanzu a rubutun hannu suke, a cibiyar tarihi da al'adu ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato, da Gidan Arewa da ma'adanar tarihi ta ƙasa a Kaduna, da Jami'ar Ibadan, da kuma gafakokin gidajen malamai inda babu mai gadinsu daga gara da gobara sai magada.