Daftari: Kalmar da Ta Samo Asali daga Jemammiyar Fata

Kalmar daftari, wadda Hausawa ke ambaton doguwar takarda mai shafuka da yawa da ita, musamman ta hukuma, aro ce daga Larabci, inda "daftar" ke nufin littafin da ake shigar da lissafi ko sunaye. Su ma Larabawa arowa suka yi, domin masana asalin kalmomi sun danganta ta da "difthera" ta Girkanci, wato jemammiyar fata. Masanin tarihi Herodotus, wanda ya rayu a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya bayyana cewa Girkawan yankin Iyoniya suna kiran littafi da wannan suna ne saboda a zamanin da takarda ta yi musu wuya, a kan fatun awaki da tumaki suke rubutu. Kalmar ta yi nisa ƙwarai, har Daular Usmaniyya ta Turkiyya tana kiran babban ma'ajinta "defterdar", wato mai riƙon daftari.

A ƙasar Hausa, aikin En'e, wato hukumar gargajiya ta da, ne ya kusantar da daftari ga talaka, domin a wancan zamani a cikinsa malamin hakimi ke jera sunayen magidanta ƙauye bayan ƙauye saboda haraji, ya kuma shigar da adadin shanun kowane garke saboda jangali, wato harajin shanu. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne a ƙasa mai daji da makiyaya irin Birnin Gwari, inda aka keɓe dajin Kamuku a matsayin gandun En'e a 1936, kafin ya zama gandun daji na ƙasa a 1999. Abin da aka rubuta a takarda shi ne hukuma ta sani, ko da kuwa manomi da makiyayi sun san wani abu dabam.

A yau gidajen rediyo sun ƙara wa kalmar ma'ana, ta yadda daftarin kasafin kuɗi ko daftarin yarjejeniya ke nufin rubutun da ba a riga an amince da shi ba. A nan ta rabu da kundi, wanda asalinsa tarin takardun malami ne na addu'o'i da laƙani, yanzu kuma ake cewa kundin tsarin mulki. Saboda haka mai sauraron labarai ya kula: muddin ana cewa daftari, ba a sa hannu ba tukuna.