Kafin Ka Kama Hanyar Ikwatoriyal Gini

Ikwatoriyal Gini ƙaramar ƙasa ce a Afirka ta Tsakiya, kuma rabe take gida biyu: tsibirin Bioko, inda birnin Malabo yake, da ɓangaren tudu tsakanin Kamaru da Gabon, inda Bata take. Sifaniya ce ta mulke ta har zuwa 1968, shi ya sa Sifaniyanci ne harshen ofis da makaranta. Amma a kasuwar Malabo mai jin Turancin buroka ba zai rasa abokin ciniki ba.

Ƙasar ba ta cikin ECOWAS, don haka ɗan Najeriya ko Nijar sai da biza. Kuɗinsu sefa ne, amma irin na Kamaru da Chadi. Sefar Nijar sai an canza ta. Shingen jami'an tsaro ya yawaita a hanya, ka riƙa yawo da takardunka. Kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoton filin jirgi, bariki ko ginin gwamnati, domin ana kama mutum a kan haka.

Babban shiri shi ne na lafiya. Ana neman katin nan mai ruwan ɗorawa na rigakafin zazzaɓin shawara. Allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, sai dai katin ba ya fara aiki sai ta kwana 10 a jiki. Wanda ya sayi kati ba tare da an yi masa allurar ba, kansa ya cuta, domin sauro ba ya duba takarda.

Zazzaɓin cizon sauro kuwa babu rani babu damina a can. Ka ga likita ya rubuta maka maganin kariya tun kana gida, ka kuma saka gidan sauro a jaka. Da zarar jiki ya yi zafi, a je a gwada jini a ranar. Ruwan sha sai na gora wanda ba a ɓalle murfinsa ba, ko wanda aka tafasa, saboda taifod da gudawa.

A 2023 cutar Marburg, 'yar'uwar Ebola, ta ɓulla a ɓangaren tudu kafin a shawo kanta. Ka guji naman daji da kogon jemagu.

Mai niyyar tafiya, ka fara zuwa asibiti tun da sauran wata guda, sannan ka je yankan tikiti.