Hukuncin ajiye bindiga don kare gida, da irin wadda ya kamata a nema, da matsayin koyon sarrafa ta

Tambaya

Ina zaune a garin da masu garkuwa da mutane suka addaba, sau biyu suna shigowa unguwarmu cikin dare. Ina da mata da 'ya'ya biyar, mahaifiyata ma tana tare da ni. Ina so in sayi bindiga in ajiye a gida. Wani abokina ya ce zai samo mini ba tare da takarda ba, kuma ya ce harbi ba ya buƙatar koyo, ranar da abin ya zo hannu zai yi da kansa. Shin ya halatta in mallake ta? Wace iri zan nema?

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Muna roƙon Allah Ya tsare ka da iyalinka, Ya mayar wa garuruwanku da aminci.

Ka sani, ya ɗan'uwa, kare rai da iyali da dukiya daga wanda ya auko da zalunci abu ne da shari'a ta tabbatar, shi ne abin da malaman fiƙihu suke kira daf'us sa'il. Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (Allah Ya yarda da shi) cewa wani mutum ya tambayi Annabi (Sallallahu alaihi wa sallam) game da wanda ya zo ƙwatar dukiyarsa, sai ya ba shi izinin ya hana shi, ya yaƙe shi idan ya yaƙe shi, ya kuma sanar da shi cewa idan aka kashe shi a kan haka ya yi shahada. Malamai sun haɗu a kan wajibcin kare mutuncin mace daga mai son keta shi. Kare dukiya kuwa, mafi yawansu suna ganin halal ne ba wajibi ba, mutum yana iya bar wa ɗan fashi kuɗi don ya tsira da ransa. Tanadin makami ba ya kishiyantar tawakkali, domin shugaban masu tawakkali da kansa ya sanya sulke biyu ranar Uhudu.

Sai dai wannan izini yana da matakai. An wajabta tunkuɗe azzalumi da mafi sauƙin abin da zai tunkuɗe shi. Idan tsawa ko ihu za su kore shi, ba a dukansa. Idan duka zai isa, ba a kashe shi. Idan ya juya ya gudu, ba a harbinsa ta baya, domin cutar da aka ba da izini saboda ita ta gushe. A hadisin da Nasa'i ya fitar, an umarci mai dukiya ya fara tuna wa ɗan fashin Allah, sannan ya nemi taimakon Musulmin da ke kusa, sannan hukuma, kafin ya kai ga faɗa. Malamai sun ce idan azzalumin ya riga ya zare makami, kuma jira zai jawo halaka, to ba a ɗora wa mutum bin waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya ba.

Game da shawarar abokinka ta sayen bindiga ba takarda, ba mu goyi bayanta ba. Hukuma tana da haƙƙin ƙayyade mallakar makamai saboda maslahar jama'a, kuma bin ta a cikin irin wannan ba saɓon Allah ba ne. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai waɗanda aka hana farar hula sai da izinin Shugaban Ƙasa, irin su bindigogin soja, da masu sarrafa kansu, da ƙananan bindigogi na hannu. Akwai bindigogin farauta, waɗanda lasisinsu yake hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sannan akwai bindigar toka da 'yan'uwanta da ake ɗura wa albarushi ta baki, waɗanda al'amarinsu yake hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Dokar ta hana ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda aka yanke wa hukunci kan laifin ta da hankali cikin shekara biyar da suka gabata. Duk mai hankali zai ga cewa waɗannan sharuɗɗa ba su saɓa wa ruhin shari'a ba.

Gaskiya ne a 2021 gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya yi kira ga jama'a su tashi su kare kansu, a 2022 kuma gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta ce mutane su nemi izinin mallakar bindiga. Amma furucin gwamna ba lasisi ba ne, kuma a 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sababbin lasisi. Don haka ka je hedikwatar 'yan sanda ta jiharku ka ji halin da ake ciki kafin ka fitar da ko sisi. Wanda aka kama da bindiga ba izini yana iya fuskantar ɗaurin shekara goma. Idan aka tafi da kai, wa zai tsare gidan da ka sayi bindigar dominsa? Ƙari a kan haka, dillalin da zai sayar maka a ɓoye galibi shi ne yake sayar wa mutanen da kake tsoro, kuɗinka ƙarin jari ne gare shi, ba ka kuma san jinin wa ke kan bindigar da ya miƙo maka ba.

Idan ƙofar lasisi ta buɗe, to zaɓin ba shi da faɗi, kuma hakan sauƙi ne. Abin da ya fi dacewa da magidanci shi ne bindigar farauta mai baki ɗaya ko mai baki biyu, wadda ake karyawa a tsakiya a sa harsashi. Amfaninta babba shi ne da ido ɗaya za ka ga ko akwai harsashi a ciki ko babu, kuma kayan cikinta kaɗan ne, ba ta yawan cijewa. Mai lamba 12 ta fi yaɗuwa kuma ta fi dukan kafaɗa, mai lamba 20 ta fi sauƙin riƙo ga wanda ba shi da ƙarfin jiki. Ka ɗauke ta ka ɗora a kafaɗa kafin ka saya, ka ga ko yatsanka yana kai wa kunama ba tare da miƙewa ba. Bindigar da ta fi ƙarfinka ba za ka yi atisaye da ita ba, wadda ba ka atisaye da ita kuwa ba za ta amfane ka ba. Amma bindigar toka, wadda ake wa laƙabi da harba-ka-ruga, sunanta ma ya faɗi aibinta: harbi ɗaya take yi sai an sake ɗuri, albarushinta yana jan danshi da damina, kuma waɗanda aka ƙera da bututun da ba na bindiga ba sukan fashe a hannun mai su.

Yanzu ga maganar da ta fi muhimmanci a cikin tambayarka, wato cewar abokinka harbi ba ya buƙatar koyo. Wannan kuskure ne a shari'a da kuma a zahiri. A shari'a, duk abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Kiyaye jinin iyalinka da maƙwabtanka wajibi ne, kuma ba zai yiwu ga mai bindiga ba sai ya san yadda ake riƙe ta. Annabi (Sallallahu alaihi wa sallam) ya kwaɗaitar da koyon harbi, ya kuma yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ya koya sannan ya watsar, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim daga Uƙbatu bin Amir. Ya hana a nuna Musulmi da makami ko da wasa, domin Shaiɗan yana iya fizgar hannun. Ya umarci mai wucewa da kibau a masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu, ya hana a miƙa wa wani takobi a zare. Idan haka aka yi wa kibiya da takobi, ina ga abin da motsin yatsa ɗaya yake isar masa?

Masu koyar da harbi na wannan zamani sun taƙaita ladubban a ƙa'idoji huɗu da wani tsohon sojan Amurka, Jeff Cooper, ya yaɗa: a ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi, kada a juya bakinta ga abin da ba a shirya halakawa ba, yatsa ya nisanci kunama har sai an yi saiti an yanke shawarar harbi, kuma a tabbatar da abin da za a harba da abin da ke bayansa. Wanda ya duba zai ga ta biyun ita ce dai hanin da ya gabata a hadisi.

A zahiri kuwa, lokacin firgici zuciya tana bugawa da sauri, yatsu suna rasa natsuwarsu, gani yana ƙuntata. A wannan hali hannu ba ya yin komai sai abin da ya saba. Wanda bai taɓa sa harsashi cikin duhu ba zai zubar da shi a ƙasa. Wanda bai taɓa jin ƙarar harbi kusa da kunnensa ba zai ruɗe da harbinsa na farko. Akwai kuma camfin cewa harsashin bindigar farauta yana warwatsuwa, don haka babu buƙatar saiti. A tazarar ɗaki ko tsakar gida ƙwayoyin dalmar suna tafiya a dunƙule, faɗinsu bai wuce tafin hannu ba sosai, ana iya kuskure, kuma abin da ya kuskure yana ratsa ƙofar katako da kwano da zana. Ka nemi ƙwararre wanda hukuma ta sani, ya koya maka ɗuri da cirewa, da tsayuwa, da gogewa, da abin da ake yi idan an ja kunama bindiga ba ta tashi ba, domin wani harsashin yakan yi jinkiri sannan ya tashi, mai leƙa bakin bindiga a wannan lokaci ya halaka kansa. Kuma koyo na yini ɗaya ba ya isa, sai an riƙa maimaitawa. Amir bin Akwa'i (Allah Ya yarda da shi) jarumi ne gogagge, amma ranar Khaibara takobinsa ya dawo masa ya sare shi a gwiwa, ya zama ajalinsa.

Ƙa'ida ta huɗu ita ce ta fi tsananta a irin gidajenmu. Gida ne mai zaure da ɗakuna da yawa, saurayi yakan haura katanga idan ya tarar an rufe ƙofa, tsohuwa takan fito alwala a sulusin dare, maƙwabci yakan ruga gidanka neman mafaka idan ya ji harbi. Inuwa da motsi ba hujja ba ne na zubar da jini. Ranar Uhudu, cikin ruɗanin yaƙi, Musulmi sun kashe Yamanu mahaifin Huzaifa (Allah Ya yarda da su) bisa kuskure, ɗansa yana kiran su yana cewa mahaifinsa ne. Huzaifa ya nema musu gafara ya kuma yafe diyyar. Waɗannan sahabbai ne, da rana tsaka. Don haka ka ajiye tocila mai ƙarfi tare da bindigar, ka tambayi ko wane ne da babbar murya, ku kuma tsara da iyalinka ɗakin da kowa zai taru a ciki idan an ji motsi, don ka san inda 'ya'yanka suke kafin ka ɗaga hannu.

Kisan kuskure ba shi da ƙisasi, amma ba ya tafiya a banza. Aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta wajabta diyya da kaffara. Diyyar raƙumi ɗari ce ko dinare dubu, dangin mai kisan ta wajen uba suke biya cikin shekara uku, kaffarar kuma 'yanta baiwa ko bawa mumini, wanda bai samu ba ya yi azumin wata biyu a jere. Idan wanda aka kashe ɗansa ne ko mahaifiyarsa, Malikiyya sun ce ba ya gadon komai daga diyyar, mafi yawan sauran malamai kuma sun hana shi gadon gaba ɗaya.

Ajiya ma amana ce. Bindiga a ƙarƙashin katifa ko bayan ƙyaure, a gidan da ke da yara biyar, sakaci ne da za a tambayi mai gida a kansa. Yaro ya san maɓoyar komai a ɗakin ubansa. A kulle ta a akwati ko kabad na ƙarfe, harsashi a wani wurin daban shi ma a kulle, makulli a jikinka. Kada ka fito da ita don nuna wa baƙi, ko don harbi sama ranar biki ko Salla, domin abin da aka harba sama yana saukowa. Wanda ya san kansa da saurin fushi, ko yana yawan rikici da matarsa, ko akwai mai fama da tsananin damuwa ko shaye-shaye a gidansa, to rashin bindigar ya fi masa alheri, kuma yana iya zama haramun a kansa ya ajiye ta idan ya rinjayar da zaton za ta kai ga ɓarna. Babu laifi matarka ta koyi yadda ake cire harsashi da riƙe ta, a hannunka ko a gaban muharraminta. Ummu Sulaim ta riƙe wuƙa ranar Hunaini don kare kanta, Annabi (Sallallahu alaihi wa sallam) bai hana ta ba.

Kada kuma bindigar ta ruɗe ka. Mai baki biyu harbi biyu take yi, masu garkuwa kuwa sukan zo su da yawa da bindigogin yaƙi. Harbi daga cikin gida a irin wannan hali yana iya jawo ruwan wuta a kan ɗakin da iyalinka suke. Idan akwai hanyar sulalewa da su ta baya, sulalewar ta halatta kuma sau da yawa ita ce daidai. Ƙofar ƙarfe mai sakata, da fitilu a waje, da kare na tsaro, da lambobin maƙwabta da jami'an tsaro a waya, da sintirin unguwa wanda hukuma ta san da shi, duk sun riga bindiga a tsari, kuma ba sa buƙatar lasisi. Izinin da shari'a ta ba ka ya tsaya a kan wanda ya auko maka a lokacin da ya auko. Bin sawu washegari, ko auka wa wata ruga ko wani ƙauye saboda zargi ko ƙabila, wannan kisan ganganci ne, hukuncinsa daban.

Allah ne Mafi sani.